Alisabatu Mai Kunu da Takalman Marigayi

Mahaifiyata, Alisabatu Nehemiya, ba ta taɓa sauraren wasan kwaikwayo na rediyo daga farko har ƙarshe ba. Ta ce ba ta da lokacin jin ƙaryar da aka zauna aka shirya, wadda ake yi a tsaye cikin kasuwa ma ta ishe ta. Duk da haka ita aka fi zargi da kisan kai a wasan da ya hana Jalingo sukuni bara. Dalilin wannan wasa ne har yau in wayata ta yi ƙara sai na yi addu'a kafin in ɗauka.

An haifi Mama a wani ƙauye bayan Sunkani, a gidan manoman doya. Ta shigo Jalingo tana budurwa a saman motar doya, don ta yi wa wata goggonta reno. A nan ta haɗu da babana, Nehemiya kafinta, suka zauna a Kachalla Sembe. Ina firamare ya rasu. Abin da ya bar mana shi ne ɗaki biyu, da benci masu ƙwari, da wata doguwar muciya da ya sassaƙa mata da hannunsa. Kunun zaƙi ne ya riƙe mu tun daga nan har na gama jami'a. Takan jiƙa dawa, ta zuba citta da kanumfari da busasshen dankali, a kai inji, ta dama, ta tace, ta ɗura a gorori ta jera cikin kula da ƙanƙara. Wurin zamanta a Kasuwar Jalingo yana bakin layin teloli, kusa da ƙawarta Furera mai kayan miya. Tallarta kuwa ko a bakin titi kake za ka ji:

"Ga kunu-u-u! Na Alisabatu ne, ba na kowa ba!"

Amma in ka tambayi Mama abin da take alfahari da shi, ba za ta ce kasuwa ba. Kunun godiyar girbi za ta ce. Kowace shekara in an kawo amfanin gona coci, matan zumunta su tara dawa, ita kuma ta dama kunun da kowa zai sha, daga fasto har direbobin keke da suka tsaya kallo. Ba a biyanta. Tun kafin a haife ni take wannan aiki, kuma ranar ce kaɗai take sauko da muciyar Baba daga saman rufi. Takan ce ranar da aka ba wata wannan aiki, to a duba, ko dai ta mutu ko an raba ta da hankalinta.

Wasan kuwa, Hashim ɗan Malam Ɗantani mai yadi ne ya ƙirƙiro shi. Hashim yana da shagon cajin waya a kasuwa, kuma tun yana yaro yake shan kunun Mama. Shi da abokansa suka samu fili a wani gidan rediyo, ranar Laraba bayan la'asar, a maimaita Alhamis da safe. Sunan wasan Takalman Marigayi Buba. Labarin wani dillalin doya ne da aka tsinci gawarsa a cikin sito, ƙofa a kulle ta ciki. Bayan an binne shi sai takalmansa suka fara yawo su kaɗai, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Duk ƙofar da suka tsaya, mai ƙofar ya san wani abu game da kisan, kuma kafin ya buɗe baki sai a wayi gari shi ma ya bi Buba.

Lokacin na gama karatu ina jiran a tura ni bautar ƙasa, ina taya Mama zama a kasuwa, don haka a gabana aka yi komai. Da an ce Laraba bayan la'asar, kekunan ɗinki su tsaya cak. Da an gama kuma musu ya tashi. Furera ta ce ƙanin Buba ne, saboda a jana'iza kukansa ya yi yawa. Masu nama suka ce direbansa ne. Wani mai sayar da bokiti ya dage cewa Buba bai mutu ba, ɓuya ya yi yana kashe waɗanda suka ci amanarsa. Aka tambaye shi to wa aka binne, ya ce ai wannan shi ne abin da za a gano.

Shugaban masu nazari shi ne Baba Tobiya tela. Shi ba ya faɗin ra'ayinsa da wuri. Yakan ɗora rediyo a kan keken ɗinkinsa, ya rufe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, wanda duk ya yi tari ya kore shi daga shagon. Wata Laraba, bayan an kashe mutum na uku a wasan, sai ya buɗe ido ya ce:

"Ku duka kuna sauraren masu magana. Ni kuwa bayan magana nake saurara."

Aka matso.

"Kafin a kashe Buba, ina ya je?"

"Kasuwa," in ji Furera.

"Mai gadin sito fa? Kasuwa. Wannan na yau? Kasuwa. To muryar wa ake ji a bayansu, duk su ukun, ba fashi?"

Wani ya kunna wasan da ya ɗauka a wayarsa. Ga hayaniyar kasuwa, ga hon ɗin keke, ga akuya, sai can ƙasa-ƙasa amma tar: "Ga kunu-u-u! Na Alisabatu ne, ba na kowa ba!"

Duk layin teloli ya juyo ya kalli Mama. Ita kuwa tana can tana kokawa da murfin kula.

Da farko dariya aka yi. Mama ma ta yi, har ta ce Hashimu ya kai ta rediyo bai gaya mata ba. Amma kafin mako ya zagayo maganar ta fita daga layin teloli ta shiga gari. Aka fara zuwa kallonta. Mutum zai zo ya tsaya nesa, ya nuna wa abokinsa ita da haɓa, ya wuce ya sayi zoɓo. Masu nama, da kullum sukan kwashe rabin kula, suka ce suna fama da mura, su duka, a lokaci guda. Wata mata ta saya, ta buɗe gorar, ta shinshina, ta miƙa wa Mama ta ce, "Fara kurɓa mu gani." Mama ta kurɓa, ta ci gaba da kurɓa har ta shanye, ta miƙa mata gorar wayam ta ce ta gode.

Na yi ƙoƙarin yin bayani. Na tsaya a shagon Baba Tobiya na ce, "Baba, wannan fa wasa ne. Babu Buba. Babu wanda ya mutu."

"Cynthia, 'yata, na san wasa ne, ni ba yaro ba ne," in ji shi. "Amma a cikin wasan, wa ya kashe shi?"

"Mama ba ta cikin wasan!"

"To muryar wa muka ji? Tawa?"

Babu wanda ya yarda a ransa cewa Mama ta kashe wani. Sai dai in mutum ya ɗauki gora ya tuna ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ƙishirwar ta ɗauke. Mama ta jure duk wannan. Kunu ya kwana, ta rage dawar da take jiƙawa. Abin da ba ta jure ba shi ne zuwan Mama Mabel, shugabar zumuntar mata, gidanmu wata Lahadi bayan an tashi daga coci. Ta zauna a kan bencin da babana ya bari, ta gaishe mu da kyau, ta tambayi lafiyar kowa har da kaji. Mama ta kawo mata kunu. Mama Mabel ta ce yanzu ta sha ruwa.

"Maman Cynthia, godiyar girbi ta matso," in ji ta. "Mata suna ta magana. Sun ce bana ki huta, ki ga kin daɗe kina wahala. A yi zoɓo."

"Zoɓo. A godiyar girbi. Wa ya noma zoɓo a cikinku?"

"Ba ni ba ce, 'yar'uwa. Ni na san ki. Amma in aka dama ganga guda ba a sha ba fa? Ki bari wasan nan ya wuce tukuna."

Da ta tafi, Mama ta daɗe tana kallon kofin da ba a taɓa ba. Sannan ta ɗaga kai ta kalli rufi, inda muciyar take. Washegari ko kula ba ta buɗe ba ta ja ni sai shagon Hashim.

"Hashimu."

"Na'am, Mama. Ina kwana?"

"Ban kwana ba. Wa ya kashe Buba?"

Hashim ya leƙa waje, ya dawo, ya rage murya. "Mama, wallahi ni ma ban sani ba."

Ashe bai taɓa shirya ƙarshen labarin ba. Kowane mako yakan zauna a shago yana sauraren masu zuwa caji suna musu, duk wanda aka fi zargi sai ya wanke shi, ya jefa zargin kan wani. Muryar Mama kuwa, wata rana ce ya ɗaga wayarsa a tsakiyar kasuwa ya ɗauki hayaniya. Ita kaɗai ce hayaniyar kasuwar da yake da ita. Duk inda labari ya shiga kasuwa, ita yake sakawa.

"Kasuwar nan kullum tana nan, kullum tana ihu kyauta, ka kasa ɗaukar wata?" in ji Mama.

"Wannan ce ta fi fita, Mama. Muryarki tana da kyau a rediyo."

"Cire ni."

Ya cire ta. Laraba ta zo, aka shiga kasuwa a wasan, aka ji hon, aka ji akuya, ba a ji kunu ba. Na sauke ajiyar zuciya. Baba Tobiya ya buɗe ido a hankali ya ce:

"Kun gani? Ta ji an gano ta. Ta gudu."

Mama tana zaune a gabansa, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba.

A cikin makon ne na tafi Wukari karɓo takardar shaidar digirina. Na bar Mama ba ta cin abinci sosai, ga godiyar girbi ta kusa, har an ce Mama Mabel ta fara tambayar farashin zoɓo. Ranar Alhamis da safe, ina tsaye a layi a ƙofar ofis, sai ga kiran Kawu Noah, ƙanin Mama da ke ƙauye. Kawu ba ya kira sai da dalili, don sai ya hau kan tudu yake samun sabis. Na ɗauka na ji kuka.

"Cynthia, ki yi haƙuri. Ki riƙe Yesu. Mamanki ta tafi."

"Ta tafi ina?"

"Yanzu na ji sanarwa a rediyo, ina gona. Alisabatu Nehemiya ta Kachalla Sembe, 'yar Sunkani. Har sunanki an faɗa. An ce ta bar 'ya ɗaya, Cynthia, mai digiri."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na kira wayar Mama, a kashe. Na kira Hashim, ba ta shiga. Lambar da ta rage mini a kasuwa ta Baba Tobiya ce, saboda ɗinkina da ke wurinsa.

"Baba, da gaske ne abin da na ji game da Mama?"

"Kayya, Cynthia," in ji shi, muryarsa a sanyaye. "Gaskiya ne. A gaban tukunyarta aka same ta. Tun jiya ban iya cin abinci ba. Ashe na zargi baiwar Allah a banza."

Sai layin ya yanke, katina ya ƙare. Yanzu kowa yana cewa ai da na tsaya na yi tunani da na gane. Wanda bai taɓa jin an ce uwarsa ta mutu ba shi ke faɗin haka. Na bar layi, na bar takarda, na shiga motar farko da na samu. Daga Wukari har Mutum Biyu ina kuka, wata tsohuwa da ke gefena tana ba ni gyaɗa tana cewa in ci ko kaɗan. Muna wuce Iware na fara tunanin cewa baƙin cikin kunun girbi ne ya kashe ta, na rantse a raina ba zan ƙara gaishe da Mama Mabel ba har abada.

Da keke ya shigo layinmu sai na hango abin da nake tsoro. Bencin da babana ya bari duk an fito da su waje. Mata daga ƙauye sun cika ƙofar gida, ga tulin itace, ga doya, ga buhun dawa, ga akuya ɗaure a jikin bishiyar mangwaro, duk kayan zaman makoki. Matan zumunta suna gefe cikin ankonsu. Na fara sauka daga keke. Sai daga cikin gida na ji:

"Ga kunu-u-u! Wanda ya sha ya miƙo kofi, ba ku kaɗai ba ne!"

An ce direban keken ne ya tare ni kafin kaina ya bugi ƙasa. Da na farfaɗo, fuskar Mama na gani a kaina, da ludayi a hannunta, tana cewa, "Ina takardar? Kin je har Wukari kin dawo hannu biyu?"

Hashim ne ya ba ni sauran labarin, yana tsugune a bayan gida inda ya ɓuya wa Kawu Noah. Bayan tafiyata Mama ta koma shagonsa ta tambaye shi: a wasan nan naka, wa ake daina zargi? Ya yi tunani ya ce, gaskiya sai wanda aka kashe. Ta ce, "To kashe ni." Ya ce Mama ba zai iya ba. Ta ce tun yana tsirara take ba shi kunu, yau ta roƙe shi abu ɗaya. Suka shiga bayan shago aka ɗauki muryarta tana cewa, "Wane ne a nan? Kai ne? Ashe kai ne ka..." sannan ta yar da murfin tukunya. Sai da aka maimaita sau da yawa, don kowane ɗauka sai ta ƙara da faɗa.

Shi Hashim iyakar nan ya so ya tsaya. Mama ce ta ce ba a kashe mutum kamar kaza, sai an yi sanarwa yadda ake yi wa kowa a rediyo, da cikakken suna, da unguwa, da garin asali, da waɗanda aka bari. Ita ta ce a sa "mai digiri", har ta sa ya maimaita don a ji da kyau. Hashim ya samu abokinsa mai babbar murya ya karanta, da kiɗan nan mai taushi da ake sakawa a ƙasa. Mutanen kasuwa sun ji daga farko, sun san wasa ne. Kawu Noah kuwa a daidai sanarwar ya kunna rediyonsa. Wayar Mama kuma tun da Hashim ya ce ta kashe ta don ɗaukar murya ba ta tuna ta kunna ba.

Kawu ya cika mota da dangi suka iso da kuka, suka tarar da gida a kulle. Maƙwabciya ta ce ai tana kasuwa. Kawu ya ce, "Gawar?" Furera ce ta rako Mama gida, don ta ce in ta shigo ita kaɗai wani zai iya karya ƙafa wajen gudu. Duk da haka sai da wata goggonmu ta haye kan tulin itace. Da hankali ya kwanta, dangi suka ce tunda an riga an zo, an kuma biya mota, sai a zauna. Matan zumunta kuma labari ya iso musu a karkace, rabinsu sun san wasa ne, rabi ba su sani ba, sai suka ce gara a je a gani. Mutanen kasuwa su ma suka biyo baya yin gaisuwa. Baba Tobiya ya cire hula ya durƙusa a gaban Mama ya ce ta yafe masa, bai san ita ma abin ya shafe ta ba. Mama ta ce ta yafe, ya tashi kada ya ɓata wando.

Ranar an yi rana sosai, mutane sun yi kuka sun gaji, babu abin sha a gidan sai kunun da ya ƙi sayuwa. Aka shanye shi tas, Mama ta fito da na gobe. Ina zaune na ga Mama ta tsaya a gefen Mama Mabel, ta jira har sai da ta ga ƙasan kofinta na biyu.

"Maman zumunta, yaya cikin?"

Mama Mabel ta kalli kofin, ta kalli matan da ke bayanta, kowacce da nata a hannu.

"Lafiya lau."

"Ba kya jin ƙwas, ƙwas?"

Matan suka fashe da dariya, wata har kunu ya fito mata ta hanci. Mama Mabel ta goge baki da bakin zane ta ce, "Maman Cynthia, dawa nawa za a kawo miki?"

"Kada ku kawo komai," in ji Mama, ta nuna buhun da Kawu ya zo da shi. "Ga dawar makokina nan, ga itace. Akuyar ce kawai zai koma da ita."

Haka aka yi. Ranar godiyar girbi ni na hau benci na sauko mata da muciyar Baba. Ta dama ganga biyu, ba a bar ko ɗigo ba. Ni kuwa sai da na ƙara komawa Wukari, kuma na sa Mama ta yi mini alkawari a gaban fasto cewa ba za ta ƙara mutuwa ba sai ta gaya mini tukuna. Har yanzu ba a san wanda ya kashe Buba ba, Hashim yana nan a shago yana sauraren masu caji.

A wajen girbin na ga Baba Tobiya tsaye a gefe da kofi a hannu, ya ƙura wa Mama ido tana zuba wa mutane. Ya yafito ni, ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Cynthia, na yi wani tunani. A wasan nan fa, matattu ma suna yawo."

Ya ɗaga kofin ya shanye, ya miƙo mini ya ce in karɓo masa ƙari kafin ya ƙare.